Batirin da ba shi da mai gadi

Wata Asabar cikin watan Afrilu, ana idar da sallar Asuba wayata ta yi ƙara. Yayana ne, kuma duk wanda ya san shi ya san ba ya kiran mutum a irin wannan lokaci sai da dalili mai ƙarfi. Bai tsaya tambayar kwanan iyali ba, sai ya ce: "Ka zo ka ga abin da ɗanka ya yi mana." A gidanmu, kamar a gidajen Hausawa da dama, idan yaro ya ci jarrabawa ɗan ubansa ne, ranar da ya yi ɓarna kuwa sai a tuna yana da baffa.

Na tarar an fito da katifa tsakar gida, rabinta ya zama gawayi. Labule ya ƙone, silin ɗaki ya yi baƙi ƙirin, littattafan makaranta sun jiƙe sharkaf da ruwan da aka yi ta kwarawa. Ga wani wari mai kama maƙogwaro, wanda ba na itace ba ne, ba kuma na ƙonanniyar roba kaɗai ba. Yaron, mai shekara 17, yana tsugune a gindin bango kansa a ƙasa. Allah Ya tsare, ba a rasa rai ba, babu kuma wanda ya ƙone, domin zafi ya kore shi daga ɗakin ya kwana a tsakar gida, mahaifiyarsa kuma mai saurin farkawa ce. Da a lokacin hunturu ne, ƙofa a rufe, yaro a ƙudundune cikin bargo, da wani labarin nake rubutawa yau.

Abin da ya jawo wannan ɓarna bai kai tsawon tafin hannuna ba. Batir ne na ƙaramin jirgin sama irin wanda ake sarrafawa daga ƙasa da rimot. Yaron ya ƙera jirgin da hannunsa, daga farin soson nan da ake kunshe firiji da talabijin a kwali, bayan ya shafe watanni yana tara kuɗin kashewarsa ya sayi inji da farfela. Ranar Juma'a da yamma ya kai shi filin wata makaranta ya tashe shi, iska ta kwashe shi ya faɗo da ka. Batirin ya ɗan lotsa a kusurwa guda. Ya juya shi, ya ga bai fashe ba, ya jefa a aljihu. Da dare babu wuta, sai ya yi abin da ni da kai, mai karatu, muke yi da wayoyinmu kusan kullum: ya jona batirin a wata 'yar caja mai araha, ya cusa ta a soket, ya kunna makunni, ya ajiye a kan katifa, ya fita. In an kawo wuta ya cika. Wajen ƙarfe biyun dare aka kawo wutar.

Yayana ya yanke hukunci nan take, cewa daga ranar babu jirgi a gidansa. Ban ce masa komai ba, domin mutumin da ke tsaye a kan tokar katifar ɗansa ba shawara yake nema ba. Amma ban gamsu da hukuncin ba, kuma rashin gamsuwar ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Yaron nan ba shi kaɗai ba ne. Mu da muka tashi muna ƙera motar kara da ta langa-langa muna ja da zare, mun san wannan ƙaiƙayin hannu ba baƙo ba ne ga yaran Arewa. A shekarar 2007 duniya ta ji labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano da ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu daga tarkacen mota da babur. Jikokin masu motar kara a yau intanet ce malamarsu. Suna kallon bidiyo, suna odar inji da batir daga ƙasar Sin, suna ƙera jirage da motocin tsere. Ga kuma masu ɗaukar hoton biki, waɗanda da wuya a yi ɗaurin aure na gani na faɗa ko hawan sallah ba ka ji kukan jirginsu mara matuƙi a sama ba. Galibinsu a ɗakin da suke kwana suke ajiye baturansu. Bidiyoyin da suke koyo da su kuwa an yi su ne a ƙasashen da ba kasafai ake ɗauke wuta ba, kuma ba a san zafin bazararmu ba.

Na shafe shekaru ina koyar da aikin lantarki a makarantar koyon sana'a, amma sai bayan gobarar nan na zauna na karanci wannan batir da kyau, ni da yaron, kai da kai. A jikinsa ake rubuta LiPo, kuma ɗan gidan batirin litiyom ne, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991, wanda kuma ya sa aka ba masana uku, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2019. Falalarsa ita ce yana ɗaukar wuta mai yawa a jiki mara nauyi, illarsa ma daga nan take. A cikin kowace ƙwayar batir akwai siraran fallaye iri biyu, an raba su da wata leda da ba ta kai kaurin gashin kai ba, an jiƙa su da ruwan sinadari mai saurin kama wuta. Muddin ledar nan tana lafiya, zaman lafiya ake. Idan ta huje saboda faɗuwa, ko ta narke saboda zafi, ko aka ɗura wa ƙwayar wutar da ta fi ƙarfinta, sai ɓangarorin biyu su haɗu, zafi ya haifi zafi, ƙwaya ta kunna maƙwabciyarta. Mafi muni, sinadarin cikin yana sakin iskar da wuta ke ci da ita, shi ya sa lulluɓa masa buhu ba ya kashe ta yadda yake kashe wutar risho.

Kada wani ya ɗauka matsalar yara ce. A watan Satumban 2010 wani jirgin dakon kaya na kamfanin UPS ya faɗi a Dubai, matuƙansa biyu suka rasu, bincike ya kai ga gobarar da ta tashi a cikin kayan da ke ƙunshe da baturan litiyom. A Janairun 2013 aka dakatar da tashin jiragen Boeing 787 na kimanin wata uku saboda baturansu. A 2016 Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa ɗungurungum. Waɗannan kamfanoni ne masu dubban injiniyoyi, abin ya taɓa su, balle yaro mai soket ɗaya da katifa.

To, me ya sa wayoyinmu ke kwana a caji shekara da shekaru ba su cika tashi da wuta ba? Saboda suna da mai gadi. A jikin batirin waya da na kwamfuta akwai 'yar na'ura mai tsaron ƙofa. Idan ya cika ta yanke, idan ya zube da yawa ta yanke, idan wayoyi suka haɗu ta yanke. Batirin jirgin da yara ke ƙerawa ba shi da wannan mai gadi, kuma da gangan aka bar shi haka, domin injin jirgi yana buƙatar a sakar masa wuta ba ƙaƙƙautawa, mai gadi kuwa zai tare hanya ya kuma ƙara nauyi. Ba shi da sulke ma, jaka ce mai laushi da ƙusa ko tsinin dutse zai iya hudawa. Wanda ya ƙona ɗakin ɗana an rubuta 2200mAh da 25C a jikinsa. Ma'anar haka, zai iya sakin amfiya 55, wato yawan wutar da ke gudana daga cikinsa ya ninka sau huɗu abin da fiyus ɗin filogin gida mai amfiya 13 ke jurewa. Amma da yake ƙarfinsa bai wuce bolt 12 da ɗoriya ba, ko ka taɓa shi ba ya ja. Mu kuwa abin da ke jan mutum shi muka saba jin tsoro, wanda ba ya ja sai mu ɗauke shi abin wasa.

Baturan jiragen ɗaukar hoto na kamfanoni irin su DJI suna da nasu mai gadin, har suna rage wutar kansu idan suka yi kwanaki ba a yi aiki da su ba. Wannan ya rage haɗari, bai kawar da shi ba, domin mai gadin ba ya hana zafin rana, ba ya kuma ɗinke ledar da faɗuwa ta yaga. Sauran kuwa, mai shi ne mai gadinsa. Al'adarmu ta "a bar shi a jone, in an kawo wuta ya cika" ma'anarta a nan ita ce a fara caji a daidai lokacin da mai gadi ya yi nisa cikin barci.

Bayan mako guda na koma wurin yayana. Na ce masa: "Yaya, in ka hana shi ba dainawa zai yi ba, ɓoyewa zai koma. Ka kuma san inda yaro ke ɓoye abu, ƙarƙashin katifa ko cikin akwatin tufafi." Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce: "To, me kake so a yi?" Na ce a ba ni lungun bayan gida, da bulo goma sha biyu, da kwana biyu.

Abu na farko da muka yi shi ne raba cajin da wutar gari baki ɗaya, haka ma da janareta, wanda wutarsa ke hawa da sauka. Gidan yana da farantin sola ɗaya da batir mai bolt 12, shi muka mayar uwar wuta. Ribar haka ita ce mutum ne ke zaɓar lokacin caji, ba lokacin ke zaɓar kansa ba. Muka watsar da irin 'yar cajar nan da ke fara aiki da kanta da zarar ta ji wuta, muka sayi mai allo da maɓallai, wadda ba ta motsawa sai ka zaɓi nau'in batir ka danna ka tabbatar. Mafi shahara a wannan aji ita ce iMAX B6, mai ƙarfin wat 50, tana karɓar bolt 11 zuwa 18. Jabunta sun cika kasuwa, kuma arha ba ta ado, domin cajar da ke kuskure wajen awo ta fi rashin caja haɗari. A lura da iyakar nan ta 18. Gidaje da yawa inbatarsu ta bolt 24 ce, batura biyu a jere, wanda ya jona irin wannan caja a kai ya yi sallama da ita.

Lissafin wayar ba shi da wuya, na sa yaron ya yi da kansa. A raba wat da bolt, sai a sami amfiya. Wat 50 a kan bolt 12 ya ba da huɗu da 'yan kai, a ƙara abin da ke salwanta a zafi, a ce biyar. Muka ɗauki waya mai laushi, mai silili da yawa, mai kaurin 2.5 irin na wayar soket ɗin gida, wadda ta fi buƙatarmu nesa ba kusa ba, muka taƙaita tsawonta. A kan jar waya, taƙi ɗaya daga kan batirin sola, muka sa fiyus ɗin mota mai amfiya 10, jan nan da kowane mai gyaran wutar mota ke da shi. Yaron ya tambaye ni: "Baffa, me ya sa ba za a sa shi kusa da caja ba, tunda ita ake karewa?" Na ce masa fiyus waya yake karewa. Batirin sola yana iya aman ɗaruruwan amfiya idan ja da baƙa suka haɗu, duk tsawon wayar da ke tsakaninsa da fiyus kuma ba ta da kariya, za ta yi ja kamar ƙarfen maƙera kafin ka ƙifta ido. Wanda cajarsa babba ce, mai wat 300 misali, ya sani amfiya 25 za ta ja daga bolt 12, don haka wayarsa da fiyus ɗinsa ba irin namu ba ne. Muka ƙara makunni bayan fiyus, muka kuma bar batirin sola a ɗaya gefen bangon bulo, domin irinsa yana fitar da iska mai kama wuta lokacin da yake caji, bai kamata ya zauna kafaɗa da kafaɗa da abin da ka iya tartsatsi ba.

A nan zan yi wa abokan sana'ata tsiya kaɗan. Haɗin nan na murɗe waya da waya a naɗe da baƙin tef, wanda ya zama tambarin aikin wuta a unguwanninmu, ba shi da gurbi a wannan aiki. Haɗi mai sako-sako yana zafi, tef kuma yana saki a bazara. Duk mahaɗa sai an liƙe ta da dalma irin ta masu gyaran rediyo, a rufe da robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi. Filogin da aka fi amfani da shi shi ne ruwan ɗorawar nan mai suna XT60, wanda aka yi shi yadda ba ya shiga a juye. Ɓangaren da ƙarafansa ke ɓoye cikin rami shi ake sa wa batir. Idan za a canja wa batir filogi, waya ɗaya ake yankewa, a liƙe ta, a rufe ta, sannan a taɓa ta biyu. Wanda ya datse biyun lokaci guda da filaya ya haɗa su ke nan da bakin ƙarfe. Masu zoben azurfa da agogon ƙarfe su cire kafin su fara, domin zobe na iya zama gadar wuta, ya yi zafin da zai ci yatsa. Akwai kuma tsarin jonawa: wayoyin caji su fara shiga jikin caja, batir ya zo daga ƙarshe, in an gama kuma batir ake fara cirewa. Idan aka juya tsarin, tsirarun kawunan wayoyin za su riƙa lilo da wutar batir a jikinsu.

Yanzu ga lambobin da na sa ya rubuta da gawayi a jikin bango. Kowace ƙwaya cikarta bolt 4.2, ba a ƙetare shi ko da kaɗan. Ba a barin ta faɗi ƙasa da 3, masu hankali ma suna saukar da jirgi tun tana wajen 3.5. Harafin S a jikin batir yawan ƙwayoyi yake nufi: 2S biyu ne, 3S uku, 4S huɗu. Ke nan mai 3S cikarsa 12.6, mai 4S kuma 16.8. Ban da manyan wayoyi biyu, kowane batir yana da wani ƙaramin farin filogi mai siraran wayoyi, wanda yara da yawa ba sa kula shi. Ta nan caja ke leƙa kowace ƙwaya ita kaɗai. Idan ba a jona shi ba, jimla kawai take gani, kuma jimla tana ruɗi. Ƙwaya ɗaya tana 4.0, ta biyu 4.1, ta uku 4.5, a haɗa a sami 12.6, caja ta ce komai daidai, alhali ta ukun ta kama hanyar gobara. Saboda haka kullum a jona farin filogin, a zaɓi cajin daidaitawa, a kuma duba cewa adadin ƙwayoyin da caja ta gano ya yi daidai da wanda aka faɗa mata kafin a danna.

Saurin cajin ma yana da ƙa'ida mai sauƙi. A raba lambar mAh da dubu, abin da ya fito shi ne amfiyar da za a saita. Mai 2200 a ba shi 2.2, mai 1500 a ba shi 1.5. Hakan na ɗaukar kimanin awa ɗaya, kuma awar nan ita ce kuɗin da ake biya: mutum ya zauna a wurin, ko aƙalla inda idonsa da hancinsa ke kaiwa. In an kira sallah a tsayar, in an dawo a ci gaba, batir ba ya fushi. Akwai allon da ake jera batura da yawa a yi musu caji lokaci guda. Ƙwararru na yi, da sharaɗin adadin ƙwayoyinsu ɗaya ne kuma wutar da ta rage musu ta yi kusa da juna ƙwarai. Ban yarda ɗan koyo ya kusance shi ba.

Sai maganar zafi, wadda a nan ce muka bambanta da masu bidiyo. Masu ƙera baturan litiyom sun sa iyakar caji a wajen digiri 45. A Kano da Sakkwato da Maiduguri, zafin Afrilu a inuwa kan haye 40, ƙarƙashin rufin kwano kuwa ya fi haka, sannan batirin da kansa yana ɗumi idan yana caji. Tazarar da ta rage ba ta da yawa. Don haka a wannan yanayi da sassafe muke caji, ko bayan la'asar a inuwa. Batirin da ya sauko daga sama da zafinsa a bar shi ya huce kamar rabin awa. Ba a barinsa a mota a rana, ba a kuma cusa shi ƙarƙashin kujerar babur kusa da inji.

Ajiya ita ce inda ko masu kula suke tuntuɓe. Hankalinmu ya saba da cewa batir mai kyau shi ne cikakke, amma wannan ba ya son zama a cike. Idan ya kwana biyu a 4.2, musamman a zafi, sai ya fara lalacewa daga ciki, ya tara iska, ya kumbura kamar burodi. Ba ya kuma son zama babu komai, domin idan ya zube ƙwarai jan ƙarfen cikinsa kan narke, ranar da aka sake yi masa caji ya zama ƙayar da za ta huda ledar. Matsayin ajiya shi ne wajen 3.8 a kowace ƙwaya, kuma caja ta gaske tana da zaɓin da ke kai shi nan da kanta, ko daga sama ko daga ƙasa. In ba za a tashi jirgi cikin kwana biyu ko uku ba, a kai shi can. A kuma cire shi daga jikin jirgi, a cire masa 'yar ƙararrawar nan mai gargaɗin ƙarewar wuta, domin ita ma tana tsotsa a hankali.

A ina za a ajiye? Turawa suna amfani da tsohon akwatin harsashi na soja, bayan sun cire robar murfin don iska ta sami mafita. A halin tsaron da muke ciki, ba zan ba kowa shawarar a gan shi da akwatin harsashi a gida ba, kada a je maganin gobara a kwana a caji ofis. Akwai jakar da ba ta cin wuta da ake sayarwa tare da batura, tana da amfani, amma babban batir na iya fin ƙarfinta. Mu abin da ya fi mana yana nan a kasuwar tukwane. Tukunyar ƙasa ba ta ƙonewa, ba ta ɗaukar lantarki, kuma cikinta da sanyi. Muka zuba busasshen yashi kamar yatsa huɗu a gindinta, muka ɗora ragar ƙarfe a baki, a kan ragar muka aza leda cike da yashi. Idan wuta ta tashi, ledar za ta narke yashin ya zubo a kai. Ba a toshe bakin ruf, domin iskar da batir ke fitarwa in ba ta sami hanya ba, mazubin ne zai tarwatse. Wurin cajin kuma ramukan bulo ne a kan siminti, batir ɗaya a rami ɗaya, yadda in ɗaya ya tashi ba zai kunna ɗan uwansa ba. Duk wannan nesa da jarkar fetur da janareta da tukunyar gas, kuma ba a bakin ƙofa ba. Ɗakunanmu galibi ƙofa ɗaya gare su, tagogi kuma mun dasa musu ƙarfe saboda ɓarayi. Wanda ya ajiye batir a hanyar fita ya rufe wa kansa ƙofar da ta rage.

Batirin da ya faɗo da jirgi a ajiye shi a fili a kan siminti, a sa masa ido kamar awa guda. In ya lotsa, ko ya kumbura, ko yana wani ƙanshi mai zaƙi-zaƙi, aikinsa ya ƙare. Na san da ciwo, domin kuɗinsa ba kaɗan ba ne ga ɗalibi, kuma na ji akwai masu danne kumburarren batir da katako ko su huda shi da allura wai iska ta fita. Wannan wasa da rai ne. Yadda ake sallamarsa shi ne a binne rabinsa a yashi a fili, a jona masa ƙwan fitilar mota, wanda ya isa ga mai 2S ko 3S, a bar shi har ƙwan ya mutu, a ƙara masa yini, a gwada da mita a ga sifili, sannan a fere wayoyin biyu a murɗe su tare. Shawarar jiƙa shi a ruwan gishiri da ke yawo a intanet ba abin dogaro ba ce, domin gishirin kan cinye mahaɗar ƙarfen tun wutar ba ta ƙare ba, a ɗauka ya mutu alhali da ransa. Kada a jefa shi a bola da sauran wuta a jikinsa. Bolarmu cinna mata wuta ake yi, kuma kafin nan yaran jari-bola sun bi ta kanta da ƙarfe suna fasa duk abin da ke ƙyalli.

In kuma ƙaddara ta faɗa, a fara yanke wutar da ke shiga caja, a fitar da mutane, kada kowa ya shaƙi hayaƙin, domin guba ne. Yashi na tsare wutar wuri guda. Ruwa mai yawa, bayan an yanke lantarki, yana sanyaya ƙwayoyin da ba su kama ba, yana kuma kashe abin da ke kewaye. Ko ta lafa kada a amince, tana iya sake tashi bayan sa'o'i, a kwashe ragowar da shebur a kai fili. In ta kama ɗaki, aikin 'yan kwana-kwana ne, ba na bokiti ba.

Ina da ƙorafi a kan masu sayar da waɗannan kaya. Sukan miƙa wa yaro batir a leda kamar sun miƙa masa biskit, takardar gargaɗin da ke ciki da Turanci ko Sinanci, da rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi. Kalma biyar ta baki da Hausa ba za ta rage musu riba ba. Makarantunmu na kimiyya da na sana'a ma suna da rawar takawa. Ƙungiyar masu ƙera jirage a makaranta, da malami ɗaya da caja ɗaya ta gaske, za ta fitar da batura da yawa daga ƙarƙashin katifu. Mu iyaye kuma mu daina ganin abin a matsayin shiririta. Yaron da ya iya lissafin nauyin fiffike da ƙarfin inji yana yin abin da ake shiga jami'a a koya, abin da ya rage masa shi ne babba ya zauna kusa da shi.

Yayana ya janye hukuncinsa bisa sharuɗɗa biyu: babu batir a cikin ɗaki, babu caji bayan magariba. Da farko makullin lungun yana aljihunsa, sai an roƙa yake bayarwa. Ranar Juma'ar da ta wuce muka je fili tare, karo na farko da ya ga sabon jirgin a sama. Bai ce komai ba har aka sauko da shi. A hanyar komawa gida na ji yana tambayar yaron ko yaushe zai sake tashinsa, yaron ya ce sai mako mai zuwa. Sai ya ce: "To, ka mayar da su 3.8 kafin ka sa a tukunya." Mahaifiyar yaron kuwa har yau tana bin mu kuɗin tukunyarta, ta ce da ita take jiƙa gero.